Da'irata Ta Fito Ƙwan Zabo

Shekarun baya, lokacin da na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran abin da Allah zai yi, na aikata wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ce ke riƙe ni. Yanzu dai abin ya wuce, wanda na yi wa ma ya riga ni mai da shi abin dariya, to bari in faɗa.

A wancan lokacin ni ne gwanin lissafi na unguwarmu a Zongon Tamale. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, mahaifiyata kuma ta zama marokiyata. Duk wanda ya zo sayen koko da ƙosai wurinta sai ya tafi da labarin makin da na ci a jarrabawa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Sai aka buɗe wata 'yar cibiya a Choggu inda ake koya wa matasa rubuta kod, wato jera wa kwamfuta umarni layi-layi ta bi ta yi maka aiki. Na rubuta sunana, na kuma ja abokina. Tun makarantar allo muke tare da shi. Shi bai wuce ƙaramar sakandare ba, ya bari ya shiga koyon aikin wuyan batakari, rigar saƙi irin ta Dagomba, a shagon wani maigida da ke bakin hanyar Choggu. Na ce masa ya zo ya buɗe ido. Gaskiyar magana kuwa, mai kallo nake nema, wanda zai riƙa komawa unguwa yana ba da labarin bajintata.

"Massa, ni da Turanci na kasuwa, me zan yi da kwamfuta?" in ji shi. Massa kira ne da samarin Ghana ke yi wa juna.

"Ka zo kawai, ni zan riƙa nuna maka."

Haka muka fara. Litinin, Laraba da Asabar nakan tsaya a gaban shagonsu in danna ham, ya fito da tef ɗin awo rataye a wuya, ya hau bayan moto, wato babur ɗina, mu tafi. Ni ina da laftof da yayana ya aiko mini daga Kumasi. Shi ba shi da komai sai tsohon littafin da yake rubuta awon masu kawo ɗinki. A nan yake rubuta kod ɗinsa da biro, tsakanin faɗin kafaɗar wani da tsawon hannun wani, in mun je aji ya kwafe a kwamfutar cibiya da yatsa ɗaya. Makonnin farko ni ne tauraro. Duk wanda abu ya cushe masa, kujerata yake nufa, ni kuma in yi bayani da ƙarfi don na bayan aji su ji.

Ranar da abin ya fara juyawa, malamarmu ta shigo da darasin zane a kan giraf. Ba Bahaushiya ba ce, Badagomba ce, amma tana jin Hausar kasuwa, in ta so tsokana da ita take yi. Giraf kun san shi: layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, fili ya rabu gida-gida kamar takardar lissafi. Ta ce kowa ya sa kwamfuta ta zana masa da'ira. Na yi murmushi, don wannan a gidana aka zo. Sain da kosain, lissafin da ake fitar da da'ira da shi, ina da su a ka kamar Fatiha. Kafin wasu su gama gyara zama na rubuta layukana, na danna.

Abin da ya fito ba da'ira ba ce. Ƙwai ne, kwance a gefensa, sak na zabo.

Na duba lissafina, babu kuskure. Na leƙa na maƙwabcina, shi ma ƙwai. Ajin gaba ɗaya ƙwai muka saka. Malama ta bi layi tana kallo tana dariya.

"Yau duka ku kun zama zabbi," ta ce. "Ni ba zan gaya muku dalili ba. Ku je ku nemo."

Daga nan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Wani kamfani a Accra ya ba cibiyar gurbi ɗaya, horo na wata shida, kuma ita aka bar wa zaɓe. Nan da mako biyu, ranar Asabar, kowa zai nuna zanen da ya haɗa da da'irori zalla. Wanda nasa ya fi, sunansa za ta tura. Ni a zuciyata har na fara tunanin jakar da zan ɗauka.

Da aka tashi kowa ya miƙe, ban da abokina. Ya zauna ya ƙura wa ƙwansa ido. Can sai ya zare tef daga wuya ya ɗora a kan gilashin kwamfuta, ya auna tsaye, ya auna kwance. Aka fashe da dariya, muryata ta fi ta kowa.

"Tela, batakari za ka ɗinka mata ne?" na ce.

Ya ci gaba da awonsa. Na fita na hau moto na yi ta danna ham. Sai da ya yi kusan minti goma sannan ya fito, fuskarsa a washe, malama na biye da shi har bakin ƙofa. Da kunnena na ji ta ce wa mai gadi, "Wannan tela, kai na shi yana aiki paa," wato sosai.

Wata biyu ina amsa tambayoyi a ajin nan, ba ta taɓa faɗin haka a kaina ba. Muna hawa titi ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Massa, ka san me na gani? Ba lissafi ba ne, abin shi ne..."

Na murɗa moto. "Iska, ba na ji!"

Ina ji sarai. Ban so in ji ba ne. A ce ni da na ci lissafi, tela ne zai warware mini matsalar da'ira, a bayan motona kuma? Ya sake gwadawa a mararraba, na ce ya bari in kula da hanya.

Ranar Laraba da'irarsa ta fito zagaye kamar faifai. Mutanen da suka saba taruwa a kujerata suka kwashe suka koma tasa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya nuna masa, cikin Hausa da Dagbanci da guntun Turancinsa, yana yi yana kwatance da hannu. Ni kuwa na sa abin sauraro a kunne, ba na sauraren komai, don kawai kada bayaninsa ya shigo mini. Ko wayata ban yarda na bincika ba, don a ganina hakan ma saranda ce. Na rantse sai na gano da kaina.

Kishi mugun ciwo ne, jama'a. Mutumin nan bai yi mini komai ba. Amma sai na wayi gari komai nasa yana ba ni haushi: yadda yake buga kwamfuta da yatsa ɗaya, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafin littafi, har warin sabon saƙi da ke jikin rigarsa. Ina ɗauke da shi a moto ina jin kamar ya ƙara nauyi. A gida na rage cin tuwo, mahaifiyata ta lura.

"Wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa, Mma. Karatu ne."

"To ka riƙa tambayar aboki naka mana. Jiya ya kawo rigar kawunka, ka ga aikin wuya? Yaron nan hannu na shi akwai albarka."

Na ajiye cokalin miya na tashi. Marokiyata ma ta sauya sheƙa.

Kwana huɗu ina kokawa da ƙwan nan. Na rage lambar kwance don ya tsuke, kwamfutar ta sake miƙe hoton ya cika fili, ƙwai ya dawo. Na ƙara ta tsaye, haka. Na sauya lissafin ta wata hanya, na sake sauyawa, duk inda na bi a bakin ƙwai nake fitowa. Ran nan da hantsi, cikin haushi, na kama gefen tagar da hoton ke ciki da linzamin kwamfuta na ja ta ciki. Sai na ga ƙwan yana tsukewa. Na ci gaba da ja a hankali. Na ruga kicin na ɗauko murfin gwangwanin madara na kifa a kan gilashin, na yi ta matsawa har zanen ya zauna daidai da bakin murfin. Na yi tsalle. A raina na ce ga shi nan, ba tela ba tef. Ban tsaya na tambayi kaina ko gyara na yi ko ɓoye ciwo ba.

A kan wannan dabarar na gina zanena: da'ira sittin masu launi-launi, suna shiga cikin juna kamar sarƙa. Tsakani da Allah ya yi kyau. Kullum in na buɗe sai in ja tagar, in gwada da murfi, in zauna ina kallo.

Larabar ƙarshe ban je aji ba, na ce kaina ke ciwo. Da la'asar saƙon murya ya shigo daga abokina, kusan minti uku. Na kalle shi na ce wato har gida zai biyo ni da darasi. Na kife wayar. Alhamis ya wuce, Juma'a ta wuce, ban buɗe ba. A masallaci na hango shi, na fita ta ɗaya ƙofar.

Asabar da safe na yi wanka na sa farar riga, mahaifiyata ta yi mini addu'a. Na hau moto na kama hanya. Ina dosar kwanar da ke kai wa shagonsu sai wani tunani ya zo mini, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, nawa ne. Malama ta ce ƙarfe tara za a fara. In bai samu wanda ya kai shi ba, kafin ya samu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, mai wuri a safiyar Asabar, wataƙila an gama. Ban karya kwanar ba. Na miƙe na zagaya ta hanyar Sagnarigu, hanyar da ta ninka tawa tsawo. Wayata na ta rawa a aljihu, na bar ta.

Mutum biyar suka nuna nasu kafin ni, duk da'irorinsu zagaye, don duk sun je wurin tela. Amma zanensu bai kama ƙafar nawa ba, na san haka. Da aka kira ni na buɗe laftof, na faki ido na ja tagata daidai inda na saba. Malama ta jona da majigi, hoton ya hau bango. Aji ya yi "kai!" Na ji daɗi har cikin ƙashina.

"Ya yi kyau," ta ce. "Bari mu gan shi babba."

Ta miƙa hannu ta danna wurin da ke sa taga ta cika allo.

Da'irorina sittin suka kwanta gaba ɗaya. Bango ya koma tiren mai sayar da ƙwai. Sai wani daga baya ya ce, "Kosua!" wato ƙwai da Tuwi. Wata ta karɓa, "A kawo yaji!" Ajin ya ruɗe da dariya, har mai gadi ya leƙo.

Daidai nan ƙofa ta buɗe abokina ya shigo. Gumi ya jiƙa masa riga, jar ƙasa ta hau masa har gwiwa. Ya kalli bango, ya kalle ni, ya wuce kujerar da ke kusa da tawa ya je can ƙarshe ya zauna.

"Lissafi naka daidai ne," in ji malama, ba ta ko yi dariya ba. "Amma mako biyu, ka tambayi kowa?"

Na sunkuyar da kai. Ta juya. "Tela, kai fa? Kana da abu?"

Ya yi jim, har na ɗauka zai ce babu. Sai ya miƙe ya je kwamfutar da ya saba zama, ya buɗe aikinsa. Abin da ya hau bango tambari ne, irin zagayen nan da ake yi a bayan babbar riga, zobe cikin zobe, ƙananan da'irori sun kewaye shi kamar aikin wuyan batakari. Malama ta ja tagar ta faɗaɗa, ta tsuke ta, ta mai da ita siririya. Tambarin sai dai ya ƙara girma ko ya ragu, amma bai karkace ba. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, da yatsu biyu. A wurin ta faɗi sunansa.

Da aka watse na same shi a gindin darbejiyar da nake ajiye moto. Tun kafin ya buɗe baki na ce taya ce ta yi faci. Ya kalli tayar gaba, ya kalli ta baya.

"Yoo," ya ce. "Ka ji saƙo na?"

"Ban samu lokaci ba."

"To ka ji shi."

Ya juya ya kama hanya da ƙafa. Ban iya cewa ya hau ba, shi ma bai waiwayo ba. Na zauna a kan moto na danna saƙon. Ƙarar keken ɗinki na tashi a bayan muryarsa.

"Massa, sannu da jiki. Ka ji, abin nan ba wuya kwaraa. Ka san saƙi, zare na tsaye ya fi na kwance matsewa. In ka ƙirga goma nan, goma nan, ka yi tambari, ƙwai zai fito, maigida ya buge maka hannu. Giraf ma haka. Gidaje na shi ba su yi daidai ba, faɗi ya fi tsawo. Da'ira naka lafiya lau, yadin ne ya miƙe. Layi ɗaya kawai za ka ƙara, ka ce ma shi ikwal, ya daidaita tsaye da kwance. Na rubuta maka a ƙasa. Kuma ka ji, ni ba zan nuna nawa ba. Bikin Damba ya kusa, aiki ya yi yawa, maigida ba zai sake ni ba. Accra naka ne, kai ne mai takarda. Ka gyara abin nan kawai. Ran Asabar ka ɗauke ni in zo in tafa maka."

A ƙasan saƙon ga layin nan, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kwana uku yana kwance a aljihuna. Na buɗe laftof a kan tankin moto na ƙara shi, na danna. Da'ira sittin suka miƙe tsaf, kowace zagaye. Babu mai gani sai ni da awakin da ke kiwo a bakin katanga. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba.

Ya tafi Accra bayan Damba. Ban raka shi tasha ba, na ce ina da uzuri. Daga wata shida abin ya zama aiki, daga aiki ya zama zama. Ni kuma na shiga kwalejin malamai, yanzu lissafi nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta wajen Gbalahi, kuma alhamdu lillahi ina son aikina. Mun yi kusan shekara uku gaisuwarmu ba ta wuce "barka da Sallah" a waya.

Ranar sunan ɗiyata ta fari sai ga shi, ba tare da na gayyace shi ba. Mahaifiyata ce ta kira shi. Bayan an watse muna zaune a kan benci a ƙofar gida, na tattara ƙarfin hali na ce masa tayar nan ba ta yi faci ba.

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Massa, yau ka sani? Ni tun a gindin bishiya na sani."

"To me ya sa ka nuna naka, bayan ka ce ba za ka nuna ba?"

"Awa ɗaya ina tsaye a bakin titi. Na kira, na kira. Da na gane ba za ka zo ba, zuciya na ya tashi. Na shiga na ce ma maigida yau ko zai kore ni sai na je. Yalo-yalo duka cike, na taka da ƙafa. Ina tafiya ina rantsuwa sai na nuna." Ya dafa kafaɗata. "Ni fa godiya nake maka. Da ka ɗauke ni ranar nan, da yanzu ina kan keke ina aikin wuya."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ina yaro nake jin ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne zan zama takin ba.

Abin da ya fi tsaya mini ba rasa Accra ba ne. Mutumin da na ɗauka abokin takara bai shiga takarar ba ma, ni na tura shi ciki da hannuna, saboda na kasa sauraren minti uku daga bakin wanda nake ganin na fi. Yanzu a ajina, in yaro ya ɗaga hannu zai gyara mini kuskure a allo, nakan ji tsohon zafin nan ya taso, sai in haɗiye in miƙa masa alli.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke sarai ba. Muna waya kusan kowane mako, 'ya'yana kawu suke ce masa, in ya shigo Tamale a gidana yake cin tuwo. Amma har yau in ya ɗora hoton wani sabon aikinsa, nakan tsaya ina kallo, yatsana a sama, kafin in danna masa alamar so. Da can sai in kwana biyu ban danna ba. Yanzu minti biyu nake yi, kuma ina roƙon ku taya ni addu'a su ma su tafi.